Ranar da Na Je Kamun Kwarto da Turare

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ci ado na tsallaka kogi domin in kama mai neman raba ni da matata, ashe mutumin yana cikin rigata.

Ni mai sayar da turare ne a kasuwar Umdurman. Sana'ar gado ce, mahaifina ya yi, kakana ma da ya tsaya a Sudan a hanyarsa ta Makka da ita ya ci abinci. Bahur (turaren wuta), humra, sandal, babu wanda ba na haɗawa. A unguwarmu Alsawra, idan na shigo layinmu, mata kan ce sun san na dawo tun ban ƙwanƙwasa ƙofa ba. (Ni kuwa na ɗauki wannan yabo ne, har ƙara taku nake yi.)

Wata takwas da aurenmu da Sa'adiyya, sai na ga ta sauya. Da can ina sallama take taryata a bakin ƙofa. Yanzu kuwa ina shigowa sai ta ja da baya, ta buɗe tagogi, ta ce, "Maigida, ga ruwa can na kai, ka fara yin wanka." In na zauna kusa da ita sai ta tuna da tukunya a kan wuta. Ta janye gadonta zuwa can ƙarshen tsakar gida, wai ta fi jin iska. Da asuba ina jin tana tari, wani busasshen tari mai naci, ƙirjinta yana ɗan fito kamar an danne usur. In na tambaya ta ce mura ce. Murar da ta shafe wata biyu ba majina! Mai hankali da ya kai ta asibiti. Ni sai na fara lura da cewa duk ranar Talata tana fita bayan azahar, wai za ta wurin yayarta a unguwar Hajj Yusuf, can tsallaken kogi.

Ran nan ta bar wayarta a kan tabarma ta shiga wanka. (Na san ba kyau. Kada ku ɓata bakinku, na riga na sha hukunci.) Saƙon farko da na gani daga "Dakta Haruna" yake: "Ki zo Talata kamar kullum. Kuma ki ci gaba da nisantar abin da muka ce." Na ja sama, na ga abin da ita ta rubuta: "Wallahi tun da na fara zuwa wurinku numfashina ya dawo."

Numfashinta ya dawo! Ni kuma da nake ciyar da ita, me na zama? Toka?

Sai kun san waye Haruna kafin ku gane irin wutar da ta kama ni. Layinmu ɗaya muka tashi, ajinmu ɗaya. Shi ne na ɗaya kullum, ni kuma ina can inda malami kan gaji kafin ya iso sunana. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini faɗa ba tare da ta ce "dubi Haruna ɗan Hajja Asabe" ba. Ya tafi jami'a a Khartum ya zama likita, na gaji shago. Dogo ne, ga gilashi, ga magana a hankali. Shekara ashirin ina haɗiye mutumin nan, yanzu kuma ga sunansa a wayar matata.

Na mayar da wayar inda take. Na ce a raina, idan shi yana da boko, ni ina da abin da babu likitan da zai kai ni. Ranar Talata na rufe shago da wuri. Na ɗauko farar jallabiyata da rawani, na kifa su a kan kasko, na zuba bahur mafi tsada, wanda nake ajiye wa amare. Na bar su suka sha hayaƙi har suka ƙoshi. Na shafa humra a wuya da gemu, na bi da sandal, sannan na fesa wani na kwalba a kai. Na ce yau sai ta gani da idonta, ta ji da hancinta, waye namiji.

A cikin bas kowa ya ba ni wuri. Wata tsohuwa ta rufe hanci da gefen mayafinta ta ce, "Ya zol, bawan Allah, kai ne angon ko gawar?" Aka yi dariya. Ban kula ba, ina ta maimaita jawabin da zan yi.

Da tambaya na gano asibitin Haruna a Hajj Yusuf, wani ɗan ƙarami a bayan tashar raksha, wato keke mai ƙafa uku. Ban tsaya wurin karɓar kati ba. Na ga takalman Sa'adiyya a ƙofar wani ɗaki, na tura ƙofar da ƙarfi.

Mutum huɗu ne zaune a jere a kan benci: wani dattijo, mata biyu, da Sa'adiyya. Kowa da wata roba a kan hanci da baki, wani farin tururi yana fita daga ciki. Haruna ya sunkuya yana gyara wa Sa'adiyya igiyar tata. Wallahi duk abin nan idona bai gani ba sai hannunsa kusa da kuncinta.

Na ce, da muryar da ta kai har titi, "Haruna! Komai ka riga ni tun muna yara, na haƙura. Amma wannan matata ce! Kai ne mai dawo mata da numfashi ko?"

Sai dattijon ya fara tari. Ta kusa da shi ta kama. Ta ukun ta bi. Kafin in rufe baki, ɗakin ya zama kamar an watsa barkono a wuta. Na juya ga Sa'adiyya. Ta dafe ƙirji, kafaɗunta suna hawa suna sauka, fiton nan da nake ji da asuba ya fito fili, mai ƙarfi. Ta buɗe baki ta ce, "Mai... gi..." Kalmar ba ta ƙarasa ba.

Haruna bai ko dube ni ba. Ya ce, "Sista, fitar da shi. Buɗe taga. Ƙaro mata magani." Wata ma'aikaciyar jinya, gajeriya kakkaura, ta damƙi wuyan jallabiyata ta tura ni waje kamar buhun gawayi, tana cewa, "Fita! Kashe mana mutane za ka yi?" Ba ta bar ni a baranda ba ma, har tsakiyar rana ta kai ni, ta ce kada in matsa.

Nan na tsaya. Masu jiran layi suna kallona, mai shayin bakin ƙofa tana kallona, ni kuma ina jin tarin matata ta taga. A lokacin kishi ya gudu ya bar ni da tsoro tsagwaro. Ban san addu'o'i nawa na yi ba. Rawanin ya warware ya faɗi, ban ɗauka ba.

Can Haruna ya fito. Ya tsaya nesa da ni kamar taku biyar (har yau wannan taku biyar ɗin yana yi mini ciwo) ya ce, "Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Abokina, asma ce da ita. Hanyoyin iskar ƙirjinta ne suke kumbura su tsuke idan ta shaƙi abin da ba sa so: hayaƙin bahur, turare mai ƙarfi, gawayi, ƙura. Ba a ɗauka, kuma ana zaman lafiya da ita. Akwai abin shaƙa na kullum da zai hana ta tashi, akwai shuɗin da za ta ja idan ta taso. Amma in ka ga ta kasa ƙarasa magana kamar yau, ko leɓenta ya sauya launi, kada ka jira komai, asibiti."

Na ce, da 'yar muryar da ta rage mini, "To, abin da kuka ce ta nisanta..."

Ya dubi jallabiyata daga sama har ƙasa. Da ma ya zage ni.

Sannan ya ƙara da cewa, "Sau uku ina ce mata ta zo da kai. Ta ce turare gadon gidanku ne, ba ta son ka ji kamar sana'arka take ƙi. Saƙonnin kuma ba ni nake rubutawa ba, wayar asibiti ce. Sistar da ta fitar da kai ita ke amsawa. Matata ce."

Ba a bar ni na koma ciki ba sai da na cire jallabiya da rawani na cusa a leda, na wanke kai da gemu a famfon alwala. Maigadi ya ara mini wata tsohuwar rigar ƙwallo da ta tsaya mini a cibiya. Haka na shiga na ba dattijon da matan nan haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya zare robar daga bakinsa ya ce, "Ɗana, na shekara saba'in, ban taɓa ganin wanda ya zo faɗa da makami irin naka ba."

A hanyar komawa ni da Sa'adiyya muka shiga raksha, har muka hau gada. Ledar tana ɗaure a bayan raksha, ita da kanta ta ce a sa ta can. Na ce, "Ki yafe mini." Ta dubi ruwan kogi. Sannan ta ce, "Ni ma da na faɗa maka tun farko. Amma Maigida, kishin nan naka, da ka zo da shi ba turare, wallahi da na ji daɗinsa."

Yanzu kayan shago a shago suke kwana. Na sa famfo a zaure, nan nake wanka in sauya tufafi kafin in yi sallama. Ba a kunna kasko a gidanmu, kuma ni ne mai tuna mata da abin shaƙarta safe da yamma. Abokan kasuwa suna yi mini tsiya, wai mai turaren da gidansa ke ƙamshin sabulu. Ina barinsu.

Abin da na koya dai shi ne: idan matarka ta fara ja da baya, kafin ka duba wayarta, ka fara shinshina rigarka.