Yaƙin Ilu Direba da Mujiyar Hanyar Wudil

Da sunan Wanda ya halicci tsuntsu ya ba shi fiffike, ya halicci direba ya ba shi ham, muke buɗe wannan babi. Amma ba'adu, wannan tarihin sadauki ne, Ilu ɗan Barau, ɗan Mati mai jakai bakwai, ɗan Tanko Gagarau wanda aka ce ya taɓa korar kura da tari kawai, ko da yake waɗanda suka ga abin sun ce kurar dama tafiyarta take yi. Ilu na Saude, zakin tashar Sumaila, dodon ramukan titi, mai taka totur ƙasa ta amsa, wanda ya shekara goma sha tara a kan sitiyari bai taɓa take ko ɗan tsako ba, in ban da agwagi biyu da su suka jawo wa kansu.

Abu biyu rak wannan gwarzo yake shakka a doron ƙasa. Na farko mujiya, wadda ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce mai idanun nan. Shehunan bencin tasha sun tabbatar masa cewa motar da mujiya ta yi wa kuka ba ta isa inda ta nufa. Liman ya sha gaya masa camfi ne. Ilu ya ce haka ne, Allah gafarta malam, a ransa kuwa ya ce ai Liman ba ya tuƙi.

Na biyu surukarsa, Iya Kulu. Saude 'yar farinta ce, saboda haka shekara goma sha biyu ke nan tsohuwar ba ta taɓa kiran sunan Ilu ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ganin ƙwayar idonta ba. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakin Saude yake bi.

To, ran wata Talata sai ga sanarwa: maniyyatan rukunin Iya Kulu su hallara a sansanin alhazai na Kano kafin la'asar, wanda aka kira sunansa ba ya nan jirgi ya tashi ba shi. Tsohuwar nan ta kai saba'in tana jiran wannan rana. Saude kuwa kwananta huɗu da haihuwa, ba ta ko leƙa zaure. Haka ƙaddara ta haɗa Ilu da surukarsa a mota ɗaya ba tafinta, shi a gaba, ita a can ƙuryar baya ta ja mayafi. Matan unguwa suka ɗaure kaya a saman mota, aka yi addu'a, rundunar mutum biyu ta ɗaga bayan azahar.

Sun bar gari ke nan, maleji ya taɓa saba'in, sai abokiyar gaba ta yi shelar yaƙi daga saman kansu.

Huuu. Huhuuu.

Wayyo Ilu! Gashin jikinsa ya miƙe, gumi ya tsattsafo masa har tafin ƙafa. Mujiya da rana tsaka, kuma a kan motarsa, kuma surukarsa a ciki! Ya danna birki, mota ta yi kururuwa ta tsaya. Shiru. Ya fito da sifana a dama, carbi a hagu, ya zaga motar sau uku kansa a sunkuye, domin a mazhabar tasha wanda ya haɗa ido da mai idanun nan nasa ya ƙare. Ya daki iska, ya daki bayan mota, ya yi kirari da muryar da ba ta wuce ta ɗan akuya ba.

"Sai ni na Saude! Fito in kin isa!"

Ba ta fito ba, alhamdu lillahi, don da ta fito ban san inda wannan tarihi zai kwana ba. Ilu ya ƙidaya wannan a matsayin nasarar farko, ya koma ya tayar da mota.

Maleji na komawa saba'in, huuu. Ya sauko arba'in, kukan ya zama nishi. Ya sauko ashirin, tsit. A nan ne basirar kakanni ta sauko wa sadauki, ya gano cewa la'ananniyar gudu ne ba ta so. Sai ya ƙulla sulhu da ita a kan ashirin. Jama'a, zakin Sumaila a kan ashirin! Masu keke suka riƙa wuce shi suna yi masa sannu, wani mai amalanken shanu ya tambaye shi ko a ja shi. Rana kuwa ba ta shiga sulhun ba, tafiyarta kawai take yi, ko gadar Wudil ba su hango ba inuwa ta fara tsawo.

Iya Kulu ta san komai tun kukan farko. Amma yaya za ta yi? Ta yi gyaran murya, bai gane ba. Ta yi tari, ya ƙara rage gudu. Da abin ya ishe ta, ta juya ta dubi gilashin taga, ta gaya wa gilashin:

"Iska ce."

Inna lillahi! Ita iskar da ke kaɗawa take nufi. Shi kuwa Ilu abin da ya ji shi ne tsohuwa mai shekara saba'in, mai tashin dare, ta tabbatar masa ba tsuntsu ba ne, mutanen ɓoye ne. Bai san lokacin da ya gangara gefen titi ba. Ya fito ya tunkari wata kuka da ke bakin hanya, fadar aljanu a ganinsa, ya buɗe mata wuta da duwatsu, yana karanto duk abin da ya haddace tun daga makarantar allo, har da addu'ar shiga kasuwa.

"Ku ji tsoron Allah! Baƙuwar Allah na ɗauko! Ku bari in kai ta, in ya so ku same ni a dawowa!"

A gaskiya wannan magana ta ƙarshe ta taɓa ni, domin da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Ita ma tsohuwar ta ji, ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta kwance 'yar wayarta daga gefen zane ta kira Sumaila.

Ilu ya ɗaga wani ƙaton dutse ke nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saude ce.

"Maigida, Iya ta ce a gaya maka butarta ce."

"Wace buta?"

"Ta alwala, wadda aka ɗaure a sama. Murfin ya ɓata, in iska ta shiga bakinta haka take yi. Ta ce don Allah a taka mota."

Saƙon da ya tashi daga kujerar baya, ya je Sumaila, ya dawo gindin kuka, shi ya kawo ƙarshen yaƙin. Sadauki ya ajiye dutsen a hankali. Ya ɗaga kai ya dubi saman mota a karon farko, sai ga abokiyar gaba, shuɗiya, ta roba, an ɗaure wuyanta da tsumma a jikin buhu. Ya kamo ta ba tare da ta yi turjiya ba, ya miƙa ta baya ta kan kafaɗa, hannu ya karɓa.

Abin da ya biyo baya masu keken da suka yi masa sannu za su ba da shaida, don ƙurarsa kawai suka gani. Ana kiran la'asar ya sha kwanar sansani, lasifika na cewa, "Kulu Sumaila, kira na ƙarshe!" Tsohuwa ta fito da butarta a hannu, ma'aikata suka sauke kaya. Har ta yi taku biyu, sai ta tsaya, ta juya ta fuskanci tayar baya.

"Wanda ya kawo ni, Allah ya yi masa albarka, ya raya masa abin da aka samu," in ji ta ga tayar. "In na isa Arfa zan roƙa masa ƙarfin zuciya."

Ilu ɗan Barau ɗan Mati ya dubi sitiyari, ya ce masa amin.