Burodi da Kitsen Litinin

Ranar Litinin da yamma Keeley ta tura ƙofar gidan kakanta Wilf a Barnsley da kafaɗa, ruwan sama na ɗiga daga gashinta, ta rungume burodi cikin rigar sanyi kada ya jiƙe. Tun da aka binne kakarta Enid tsohon bai ƙara cin abin kirki ba, daga shayi sai shayi, har wando ya fara zame masa. Mahaifiyarta Lorraine ta riga ta yi magana da gidan kula da tsofaffi. Ta ce yau in ta taso aiki za ta biyo, in ta tarar bai ci komai ba, magana ta ƙare, za ta ce su ajiye masa gado.

Keeley ce ta roƙa a bar mata yau ɗin. Ita ce kuwa washegarin jana'iza, garin gyara firij, ta ci karo da kwanon tangaran da Enid ke tsiyaye kitsen gashin naman Lahadi a ciki, tana shafa wa Wilf a burodi kowace Litinin, sabo a kan tsoho, shekara da shekaru. Ta zaci wani abu ne ya lalace, ta kwashe a shara, ta wanke kwanon tas. Jiya ta gasa nama da kanta, ta tsiyaye kitsen a kwanon, ta kwana tana leƙa shi.

"Lafiya ƙalau na wuni," Wilf ya amsa gaisuwarta daga kujerarsa ta gefen taga, "in ban da ɓarayin da ke faɗo mini gida ba ƙwanƙwasawa."

"Ɓarawon da ya shigo nan sai dai tausayi ya kama shi ya ajiye maka wani abu. Ka ci naman da na bar maka?"

"Wanne? Takalmin nan da kika gasa jiya?"

"Naman saniya ne, tsoho. Mai kyau na zaɓa."

"To, saniyar nan sau biyu ta mutu. Na miƙa wa karen maƙwabta, ya shinshina, ya dube ni, ya koma gida ya kai ƙarata."

"Ka dai faɗi gaskiya, haƙoran ne babu. Na ga na roba a kofi suna ta hutu."

"Yajin aiki suke. Mu 'yan ramin kwal mun san ranar da ake ajiye kayan aiki. Wane burodi kika sayo? In irin na leda ne mai kama da katifa, juya da abinki."

"Na gidan burodin kan kwana. Dunƙule, ba a yanka ba."

"Madalla. Shekara uku a jami'a, an koya mata sayen burodi. Ba a yi asara ba."

"Kai da ka shekara tamanin a duniya ba ka san inda ake kunna obin na gasa nama ba?"

"Na sani sarai. A kicin."

Ta yi dariya, ta buɗe firij. Ta ɗauko kwanon ta ɗora a tebur. Kitsen ya daskare fari sol, ɗan kaɗan a gindin kwano, kamar abin da aka ba maroƙi. Wilf ya taso da sandarsa ya zauna. Ya ƙura wa kwanon ido.

"Mai laifi ta dawo inda ta yi ta'asa," ya ce. "Kin san kitsen da kika zubar ya girmi uwarki? A can ƙasansa akwai na naman bikinmu."

"Wancan makon cewa ka yi na ranar da aka gama yaƙi."

"Shi ma yana ciki."

"Kaka, abin nan fa har ya fara canza launi. Likita da ya gani sai ya suma."

"Kwanon nan likita uku ya binne, kowannensu siriri kamar tsinke, yana ta cin ganye. Ke kuwa rana ɗaya kika gama da shi, da sabulu mai ƙanshin lemo."

Keeley ta jawo wuƙa. Ta ɗora burodin a katako, ta yanko, ta shafa kitsen da ƙyar, yana tattaruwa guda-guda yana yaga burodin. Ta barbaɗa gishiri ta tura masa. Ya ɗauka, ya juya shi, ya kai hanci. Sai ya ajiye a hankali ya tura mata abinta.

"Ba shi ba ne."

"Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba!"

"Wannan ai tubali ne. In na rasa abin tokare ƙofa zan neme shi."

"To me ya rage? Faɗa mini in gyara. Mama tana hanya, Kaka. Ka san abin da ta ce."

"Na sani. Gidan da ake dama wa mutum kifi da dankali da wake wuri guda a ba shi a cokali, wata yarinya tana ce masa yaron kirki."

"To ka taimake ni mana. Yaya Kaka Enid take yi?"

"Ban sani ba."

"Kowace Litinin ta duniya kana ci, ka ce ba ka sani ba?"

"Ci nake yi, ba kallo ba." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Ina dawowa daga rami, in yi wanka, in zauna nan, in buɗe jarida. Sai hannu ya zagayo ta gefen jarida ya ajiye faranti. Ni kuma in miƙa nawa hannun in ɗauka. Sakamakon ƙwallo nake dubawa. Na san wanda ya ci wa a kakar wasan da aka haifi uwarki, amma ban san yadda matata ke yanka burodi ba."

Ruwa ya ci gaba da buga taga. Keeley ta yi maza ta ce, "Ai dama ta sha faɗa, ta auri jarida ne, aka haɗo mata da kai kyauta."

"Ta faɗa," ya ce, ya ɗan murmusa. "Nata dai siriri ne. Kana ɗagawa sai ya lanƙwashe, sai ka tare da yatsa. Kitsen kuwa har baki-baki, ba inda ya yage. Ga ɗan baƙi-baƙin romon nan na ƙasan kwano a jiki. Uwata ma haka take mana, mu shida a bakin murhu, ƙafa ba safa. Wanda ya sami mai romo da yawa sai ya ɓoye a bayansa. Ranar da babu, sai burodi da sukari, ko ragowar kabeji da dankalin Lahadi a soya su har su kama ƙasan kasko. Ni ban san talauci ba ne sai da aka faɗa mini a talabijin."

"Ba yadda za a yi a shafa daskararren kitse a siririn burodi bai yage ba. Kai dai ka ƙara gishiri a labarin, kamar yadda ka saba."

"Ni? Ban taɓa ƙarya ba tun ranar da na ɗaga motar kwal da hannu ɗaya."

Ba ta ji shi ba. Idonta na kan ƙasan teburin nan, inda take shiga ta zauna tana ƙarama. Daga can ba ta ganin fuskar kowa, sai silifas ɗin Enid, da rigar girkinta mai furanni, da ɓurɓushin burodi yana zubowa a kanta daga sama. Daga sama, ba daga kan tebur ba. Enid ba ta taɓa ɗora burodi a katako ba.

Keeley ta miƙe. Ta ɗauki dunƙulen ta kafa shi a ƙirjinta, yankakken gefen yana kallon sama. Ta nutsa wuƙa har gindin kwano, ta kwaso kitse haɗe da ɗan romon da ya kwanta, ta shafe fuskar burodin tun yana jikin uwarsa, har baki-baki. Sannan ta kwantar da wuƙar ta fara yankowa, kaifin yana nufo ta.

"Ke! Za ki tsaga kanki, uwarki ta ce ni ne!"

"Yi shiru, tsoho, kada ka sa in yi kuskure."

"Wa ya koya miki wannan haukan?"

"Matarka. Kana bayan jarida."

Rabon da ta ga an yi haka tun hutun Ista. Enid ta miƙo mata yanki a kan wuƙa, ita kuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Kaka, maiƙo ne zalla, na daina cin irin waɗannan." Tsohuwar ta juya ta cinye abinta a tsaye gaban famfo. Keeley ta ce a ranta in ta gama jarrabawa ta zo ta zauna sosai. Kafin ranar yaye su daga jami'a aka kira ta daga asibiti.

Yankin ya fito a karkace, gefe ɗaya kamar takarda, ɗayan ya ɗan yi kauri. Ta barbaɗa gishiri ta miƙa masa a kan wuƙar. Wilf ya kau da kai wajen taga, ya daɗe yana neman hankicinsa.

"Tsayuwarki irin tata," ya ce, muryarsa a dishe. "Sai dai ita ta fi ki kyau nesa ba kusa ba."

"Shi ya sa kowa ke mamakin yadda aka yi ta ƙare da kai. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Burodin ya lanƙwashe, ya tare da yatsa. Ya gatsa da dasashi, ya tauna a hankali, idonsa a rufe. Keeley ta ƙanƙame dunƙulen a ƙirji, kitse ya ɓata mata riga, ba ta ko lura ba. A waje mota ta tsaya, aka kashe inji.

"Yaya?" ta ce.

"Ba nata ba ne."

"Na sani."

"Nata ya tafi, 'yar nan. Ko ba ki zubar ba, da yanzu na lashe kwanon, in zauna ina kallonsa." Ya sake gatsa. "Naki romon bai isa ba, gishirin ya yi yawa, kuma kin yanka shi kamar da gatari."

"To kawo in zubar."

Ya ɓoye ragowar a bayansa. Makulli ya yi ƙara a ƙofar gida, aka ji Lorraine tana kakkaɓe lema.

"Yanko wani, maza, kafin shugabar 'yan sanda ta shigo," ya ce da raɗa, dariya na girgiza kafaɗunsa. "Kin yi nasara, mummuna. Sa mini a hannu ta tarar ina tauna. Ki yanka wa kanki ma, ba na cin guba ni kaɗai."