Yadda Na Rage wa Bindigar Baa Kyari Tsawo

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na je neman aure da ƙarambani ba. Tun kafin rikici ya shigo yankinmu ne, lokacin da bindigar farauta ba abin ɓoyo ba ce. Ni ɗan Damagaram ne, a shagon babana a kasuwar Diffa na girma, kuma har lokacin ko zabo ban taɓa harbi ba.

Falmata nake so, 'yar Baa Kyari, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu wajen Geskeru. Dattijo ne marar yawan magana, kullum na je gaisuwa sai in tarar da wata doguwar bindiga a hannunsa, ta gadon ubansa. Tsoronsa nake ji sosai. Ga shi kan maganar Falmata bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai ya dube ni ya ce, "Ɗan kanti, ya ciniki?"

Ana haka wani gadu, aladen dajin nan, ya addabi gonarsa, yana tone tattasai. Nan bakina ya ja mini. Na ce, "Baa, ku bar ni da shi." Sai ya miƙo mini bindigar ya ce in dawo jibi da safe.

Kafin in kai mota kafaɗata ta sage. Nauyi kamar taɓarya, tsawo har haɓata. Sai wayon 'yan kasuwa ya motsa: ai kaya sai da gyara. Na kai ta wurin wani maƙeri abokina, na ce ya rage bakin, ya fafe ƙotar, in same ta 'yar caras yadda zan juya da hannu ɗaya. Ya tambaye ni har sau biyu ko mai ita ya sani. Na ce ba-zata zan yi masa (wallahi haka na ce, kuma ina murmushi).

Ranar na iso gona da ita a naɗe cikin buhu. Maza sun taru da karnuka da gwangwanaye, Falmata da ƙannenta sun kawo kunu. Kafin in gama gaisuwa karnuka suka taso gadun, ya nufo ni da haurensa. Na zaro 'yar bindigata, na rufe ido, na ja kunama.

Ƙyas. Shi ke nan abin da ta ce.

Ban san lokacin da na faɗa hanyar ruwan ban-ruwa ba. Gadu ya wuce abinsa, karnuka suka bi shi. Na fito da taɓo har kunne, mutane na riƙe ciki, Falmata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Baa Kyari bai yi dariya ba. Ya ɗauki bindigar ya juya ta, ya ce, "Yaro, ina sauran?"

Na ce, "Na rage mata nauyi ne, Baa."

"Wannan tun ba a haifi Falmata ba rabonta da magana. Gwiwata ce ta lalace, da ita nake dogarawa. Ka ce kai maharbi ne, na ba ka in ga ko za ka gane." Ya kafa ta a ƙasa, ta tsaya masa iya cinya. Na so ƙasa ta tsage in shige. A raina na ce Falmata kam sai wani.

Sai ya ce, "Matso." Ya ɗora hannu a kafaɗata, ya danna, kamar mai gwada ƙwarin icce. "Tsawon ya yi daidai. Ka yanke mini sanda, to kai ne sandar. Ka ce wa babanka ya zo mu yi magana."

Haka muka ratsa gonar, shi yana dogare da ni, ni ina ɗigar taɓo.

Yau 'ya'yanmu uku da Falmata. Guntuwar bindigar tuni aka miƙa wa hukuma, na kuma saya wa Baa Kyari sanduna masu kyau, duk ya raba wa maƙwabta. Duk Juma'a ni ke kai shi masallaci, kuma ina jin daɗin nauyin hannun nan. Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara kayan dattijo, ka tambayi aikin da yake masa. In ba haka ba, kai za ka yi aikin.