Alhaji Wakili Ya Kori Yashi

Duk Yelwa babu mai son yara kamar Alhaji Wakili, kuma ba ƙage ba ne, daga bakinsa muka ji. Tun da ya halarci wani taron bita a Birnin Kebbi kan tarbiyyar ƙananan yara, ya dawo da jaka mai tambari da sabon suna: Garkuwan Yara. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya amsa.

A bakin ruwa akwai wani fili mai laushin yashi. Nan yaran unguwa ke langa, su zana 'yar gala-gala, su gina jiragen ruwa da yashi su yi ta lodin kifin ƙarya. Abin ya dami Alhaji. Wata ƙungiya na neman wanda za ta naɗa jakadan wasannin yara, shi kuwa har ya ɗinka babbar riga.

"Ɗiyanmu na birgima cikin ƙasa kamar awaki," in ji shi. "Mu da munka waye ba mu yarda."

Ya sa aka kwashe yashin kaf, aka jibge bayan katanga. Aka malala siminti, aka kafa lilon ƙarfe, aka shafe shi da fenti. Ya hana gudu, ya hana ihu, ya hana shiga ba takalmi. Jikarsa Kulu ta gwada langa sau ɗaya, simintin ya ɗaye mata gwiwa, ba ta sake ba.

Ranar buɗewa Hajiya Murjanatu, wakiliyar ƙungiyar, ta iso da rana tsaka. Ga fili fes, babu yaro ko na magani. Don a ga lilon na aiki, Alhaji ya hau da kansa. Ƙarfen ya sha rana, sai Alhaji ya sauko da sauri, ya ce gwaji ya kammala.

Can aka jiyo shewa. Hajiya ta zagaya katanga, ta tarar da yaran unguwa duka a kan tulin yashi, Kulu a ƙololuwa, fururu da ita. Hajiya ta ce wannan shi ne filin wasa mafi kyau da ta gani, wa ya yi tunaninsa?

"Tsarina na tun farko," in ji Alhaji, ko kunya babu.

Aka naɗa shi jakada. Yara suka yi ta tafi, suna zaton sun tsira.

Washegari Garkuwan Yara ya kewaye yashin da waya, ya danna kwaɗo, don kada yara su ɓata shi.