Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Aji Ɗaya

Ko mantuwa ta cinye ni, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka buɗe ilimin firamare kyauta ba. Aka ɗebo irinmu masu guntun karatu aka ce mu ne malamai. Ni aka ba ni aji ɗaya a wata makaranta kusa da Unguwar Rimi, ina amarya, lallen ƙafata bai gama gogewa ba.

Dangin mijina ba su so aikin nan ba. Surukina ne kaɗai ya tsaya mini, ya ce yarinya ce mai kunya, a bar ta. Kowa ya sani ranar da ya janye bakinsa, na koma gindin murhu ke nan.

Ranar farko na kafa doka, ina hura hanci kamar matar gwamna: duk wanda na kira sunansa yana ɓarna, ya fito gaban allo ya durƙusa. Doka ta yi aiki a kan kowa, ban da yaro ɗaya. Sunansa Haruna, sunan surukina (Allah ya jiƙansa, yanzun ma da ƙyar na rubuta). Yaya za a yi in kama sunan uban mijina gatsal a bainar jama'a? Sai in ce, "Mai sunan Baba, zauna mana."

Shegen yaron nan, ɗan mitsitsi ne, da ƙyar hannunsa ke taɓo kunnensa ta saman kai, amma ya gano ni. In na ce ya fito sai ya ce, "Malama, ai ba ki kira sunana ba." Ya ci gyaɗa a aji, ya lashe alli, ya mayar da allon 'yan'uwansa ganga. Ni kuwa ina ta lallaɓa shi kamar na aro.

Wata Laraba ya hau tebur ya tsiyaya wa wata yarinya kunun tsamiya a kitso. Idona ya rufe. Na ƙwalla da iyakar ƙarfina: "Haruna! Ɗan banza mai kunnen ƙashi! Durƙusa!"

Sai na ga 'yan ajin ba yaron suke kallo ba. Na waiwaya. Ga hedimasta a bakin ƙofa, ga surukina da babbar riga da sanda. Ashe ya zo ne ya ga aikin da ya tsaya mini a kai, hedimasta kuma yana cikin cewa, "Yara, ku gaida Alhaji Haruna."

Na so ƙasa ta tsage. Ina nan sandare, sai yarinyar nan mai kunu a ka ta je ta ja wa surukina riga. "Baba, in Malama ta kira suna, durƙusawa ake yi."

Wallahi ni ce na durƙusa, a gaban allo, alli a hannu. Tsohon ya juya ya tafi.

Na wuni ina ban kwana da aikin a raina. Da yamma mijina ya shigo yana danne dariya. "Baba ya ce ki ci gaba da aikinki. Ya ce kuma ki yi haƙuri, gwiwa ce ba shi da ita."

Tun daga ranar, ba na kafa wa yara dokar da bakina ba zai iya zartarwa ba. Kuma kafin in ɗaga murya, sai na leƙa ƙofa.