Rasuwar Mitar Kekena Mai Maganaɗisu Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake idona bushe yake, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar mitar keken motsa jikina, bayan gajeriyar jinya. Lambobinta suka fara dusashewa, aka sauya batir, ba ta farfaɗo ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekara tara da suka wuce, bayan an yi mini aiki a gwiwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗaura ta da hannunsa. Aikinta ɗaya ne: akwai ɗan maganaɗisu manne a jikin taya, duk sa'ad da ya gifta ta gabanta sai ta ce "ƙit", ta ƙirga zagaye ɗaya, ta faɗi gudun da nake yi. Ba ta taɓa kirana tsohuwa ba. Kullum da safe takan shaida ina gudun kilomita ashirin da huɗu a awa, daga tsakiyar falo, ban gusa ko taku ɗaya ba. Duk lokacin da babbar 'yata ta taso da zancen in tattara in koma gidanta tunda ƙarfina ya ƙare, marigayiya nake nuna mata, sai 'yar ta janye zancen.

Wajen kwance gawa ne mai gyaran keke ya gano maganaɗisu na biyu, an ɓoye shi da baƙin salatif a ɗaya ɓarin tayar. Wato kowane zagaye sau biyu take ƙirgawa. Gudun nawa goma sha biyu ne. Shekara talatin ina malamar makaranta, ina koya wa 'ya'yan mutane cewa na'ura ba ta ƙarya. Ban janye ba. Ita dai ta faɗi abin da ta ji. Naɗin salatif ɗin kuwa na san hannun mai shi, na maigidana ne.

Ta rasu ta bar keke ɗaya, gwiwoyi biyu, da wata tsohuwa da ba ta da niyyar barin ɗakinta.

Za a binne ta gobe da hantsi a aljihun tebur, kusa da tabaran maigidan. Ba a buƙatar taro. 'Yata za ta kawo sabuwar mita jibi, wai don ta ga gaskiya da idonta. Maganaɗisu na biyu ba ya cikin waɗanda za a binne, yana nan bakin aikinsa. Masu zuwa ta'aziyya su kama bakinsu.