Ranar da Masu Hatimi Suka Ci Amanata

Jama'a, da ciwon baya nake rubuta muku wannan. Da safe na hau sikelin banɗaki rungume da akwatin 'yata Shelby, matata Darlene tana durƙushe tana duba lamba. An ce kada akwati ya wuce laba hamsin. Namu sittin da uku.

"Delbert, me ka cusa a ciki?"

"Abin da fasto ya rubuta."

Ta zuge zif. Tocila uku, maganin sauro gwangwani shida, markaɗaɗɗiyar gyaɗa kwalba huɗu, kwaɗon ƙofa, da sifana.

"Sifana kuma? Fentin makaranta za su yi, ba gyaran tirela ba."

"In motarsu ta mace a kan dutse fa?"

"Sai ta kira ka, ka sheƙo a guje daga Tennessee."

Ga yadda na faɗa wannan rami. Shekarar Shelby sha shida, ba ta taɓa kwana a waje ba sai gidan kakarta. A watan Maris matasan cocinmu suka fara shirin zuwa ƙasar Honduras aikin bishara, kwana goma. Yarinyar nan ba ta tambaye ni a gida ba. Sai da aka tashi daga sujada ta tare ni a bakin ƙofa, gaban fasto da rabin mawaƙa. Wa zai ce a'a a nan? Na ce, "Je ki, Ubangiji ya yi jagora." Har tafi aka yi min.

Amma ina da abin dogaro: manyanmu na ofisoshin gwamnati. Mutanen da suka yi mana alkawarin gadar hanyarmu a zaɓe uku, suka kafa allon da ke cewa aiki na tafe, da allon ya yi tsatsa suka kafa kwamitin sabon allo. Maƙwabcina Hoyt ya nemi fasfo don auren ɗansa, bai iso ba sai da jika ya fara rarrafe. Sai na ɓoye takardun neman fasfon Shelby, ban aika ba sai ƙarshen Mayu.

Hoyt ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Kwantar da hankalinka. Masu Girma Sarakunan Jira ba su taɓa ba ni kunya ba. Sai ta yi furfura zai zo. Kai kuma ka tsira da sunan uba nagari."

Kwana goma sha ɗaya, jama'a. Fasfo ya iso, sabo fil, har da wasiƙar fatan alheri. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa! Shekara talatin ina biyan haraji don a ɓata min lokaci, ranar da na buƙaci aikin sai aka ce ya ƙare. In za a canja hali, ai sai a yi sanarwa.

Dama ɗaya ta rage. Yaro ba ya fita ƙasar waje sai da takardar izinin iyaye, uwa da uba su sa hannu a gaban mai hatimi. Namu kuwa, Ranka Ya Daɗe Sarkin Hutun Rana, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai katin da ke ƙofarsa mai cewa yanzu zai dawo. Gobe Asabar motar coci za ta tashi, don haka na ja ƙafa har yau Juma'a, sha biyu da kwata.

Muka same shi a zaune. Da murmushi. Har biro ya miƙo.

Darlene ta sa hannu ta turo min takarda. Na shiga karanta ƙananan rubutu, ni da ko takardar magani ba na karantawa. Shelby ta matso ta rage murya.

"Baba, na ga takarduna cikin akwatin kayan aikinka. Wata biyu suna nan."

Na dubi Darlene. Ta ce, "Kar ka kalle ni. Ni na nuna mata."

"In ba ka so in je, Baba, ka faɗa da bakinka. Ba zan yi fushi ba." Sai ta gyara zancen: "Zan yi. Amma zan zauna."

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Na duba hagu da dama, babu kwamitin da zan laɓe a bayansa. Na ce, "Kullum da safe ki kira uwarki. Ita ce mai tsoro."

"To, Baba."

Na sa hannu. Biron na rawa kamar an jona shi da batir.

Mai hatimi ya ɗaga takardar, ya dubi lasisin tuƙina, ya tsuke fuska. "Malam, wannan sa hannun bai yi kama da naka ba. A doka sai ku dawo Litinin."

Wallahi zuciyata ta yi tsalle don murna. Ya dubi Shelby, ya dube ni.

"Amma na ga kai uba ne mai son 'yarsa ta tafi. Zan ɗaga maka ƙafa."

Ƙwam! Hatimi ya sauka.

Ku gaya min, a ƙasar da ma'aikaci zai yi maka alheri ba tare da gargaɗi ba, ina talaka zai sa kansa?